Hanyar da Mutum Tara Suka Bi

4 ga Fabrairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Baba ya ce min har yanzu ba kya shiri da waya, tana cikin durowa a kashe, kuma kin ce duk mai son magana da ke ya nemi takarda da biro. To ga shi na nema. Na san za ki ce shekara uku ban leƙo ba sai yau da buƙata ta koro ni, kuma ba ki yi ƙarya ba. A yi min afuwa.

Ni lafiyata ƙalau. Ina nan a kan aikin da kika ce ba aiki ba ne, wato ƙera wasannin bidiyo. Mu uku ne a ɗaki ɗaya a saman wani shagon gyaran firji: ni mai tsara labari da yadda wasa zai tafi, da mai zane, da wata baiwar Allah mai haɗa sauti. A watan Afrilu za a yi babban taron baje kolin wasanni na kwana uku, kuma bana an ba mu rumfa. 'Yar ƙarama ce, teburi ɗaya da kujera biyu, amma shekara huɗu muna nema ana ce mana sai baɗi.

Wasan da za mu kai a gida ɗaya yake faruwa, hawa na huɗu, falo da ɗaki biyu. Gwaggo, gidanki ne, yadda yake a shekara biyun da na yi a wurinki ina sakandare tare da ɗanki Kyaftin, Allah ya jiƙansa. Mai zanenmu ya hana ni sakat da tambayoyin da na kasa amsawa. Labulen falo wane launi ne? Agogon bango yana saman talabijin ne ko saman ƙofar kicin? Durowar ɗakinmu hannunta na ƙarfe ne ko na katako? Ina rufe ido in ga gidan gaba ɗaya, amma da na matsa kusa da abu sai ya ɓace min.

Idan ba zai tayar miki da hankali ba, ki rubuto min abin da kika tuna. Idan kuwa zai tayar, ki yaga takardar nan, ba zan ji haushi ba.

Naki,
Baƙo

19 ga Fabrairu

Baƙona,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso ni lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, ita da matattakalar benen nan kullum a kotu suke. Da tafireta na buga maka wannan, don hannu ya fara rawa amma yatsu ba su manta shekara talatin da ɗaya da suka yi suna buga takardun shari'a ba.

Ashe kana raye! Ubanka ɗan baffana ne, jini ba ya ƙarya, shi ma sai yana neman abu yake tuna hanyar gidan mutum. Na tuna ranar da ya kawo ka da jaka ɗaya ya ce sati biyu kawai kafin a sama maka ɗakin kwana a makaranta. Sati biyu ya zama shekara biyu, sunan Baƙo ya bi ka har yau. Ban taɓa yin da-na-sani ba, don Kyaftin ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi wanda zai riƙa cinyewa a wasa.

To, ɗauki biro. Labule kore ne, ɓangaren taga ya koɗe ya koma kamar ruwan wanki. Agogo yana saman ƙofar kicin, kuma da gangan nake tura shi gaba da minti biyar saboda ku biyun nan ba ku san sauri ba. Talabijin tana kan teburin tsohon keken ɗinki, na'urar wasanku a ƙasa a kan kwali. Rimot biyu ne, ɗaya an naɗe shi da baƙin salatif, kuma kai ake ba wa shi, kada ka ce ka manta. Hannun durowa na ƙarfe ne, na sama yana cizo sai an ɗaga an ja. A lungun da ke zuwa ɗakuna akwai tayil ɗaya da ke ƙara idan an taka, da shi nake gane wanda ya je satar sukari. Duk suna nan, labulen kawai na canja.

Na yi kwana biyu ina zagaye gidan da takarda a hannu kamar mai binciken haraji. Ban yi kuka ba sai da na zo kan rimot ɗin, to nan kam na yi. Amma na ji daɗi da wani ya tambaye ni, don mutane sun daina ambatonsa a gabana, suna ganin tausayi ne.

Abu ɗaya ban gane ba. Me ake yi a cikin wasan? Wanda na sani mota ce ke gudu ko ƙato ya doki ƙato. Wa zai bar aikinsa ya zo kallon labulena?

Allah ya ba da sa'a a taron. Ka ci abinci, na san halinka.

Gwaggonka

14 ga Afrilu

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ina rubuto miki ne a kan kwalin kayanmu, an tashi taro ɗazu da la'asar, ana ta kwance rumfuna. Muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura, ban da haka lafiya lau.

Da ma kin ga wurin nan. Zauren ya yi kasuwa uku a haɗe, ba taga ko ɗaya, ga ƙara ga fitilu. Manyan kamfanoni sun kafa allunan da suka fi bangon falonki tsawo, mutum ya yi awa biyu a layi don ya taɓa wasa na minti goma. Wasu sun yi shigar jaruman wasanni. Na ga wani magidanci cikin sulken kwali da fuka-fukai, ya yini a tsaye don ba ya iya zama, matarsa ce ke ba shi ruwa da tsinken shan lemo.

Harkar ta canja daga yadda kika san ta. Yanzu ba faifai, ba kaset. Wasan ma ba naka ba ne, aro ake ba ka, ranar da kamfani ya gaji ya kashe na'urarsa, shi ke nan ya tafi har da duk abin da ka gina a ciki. Manyan wasannin ba su da ƙarshe, an gina su ne don kada ka tashi. Masu kallon wani yana wasa sun fi masu yin wasan yawa, na ga dubban mutane a zaune suna tafa wa wata yarinya da ke danna rimot. Akwai rumfar da mutanen cikin wasan ke amsa maka duk abin da ka faɗa, inji ne ke ƙirƙiro musu magana nan take, har na yi hira da ɗaya. A gefe guda kuma jama'a sun gaji da harbe-harbe, suna layi a kan wasan share ɗaki da ba shuka ruwa. Na san abin da za ki ce, ki ajiye shi sai na zo. Na kuma ga irin na'urarmu sak a cikin akwatin gilashi, an rubuta kada a taɓa.

Mu kuwa an kai mu can ƙurya kusa da ƙofar banɗaki, layin ƙananan masu ƙira, inda kowa ya kawo labarin ransa: wannan na rashin aikin yi, wancan na jinyar mahaifinsa. Mai zanenmu ya yi labulen kore, tayil ɗin ma yana ƙara.

Kin tambaye ni me ake yi a wasan, na ƙi amsawa a lokacin. Gwaggo, ranar ce. Ranar da asmar ta tashi wa Kyaftin. Ban sa sunan kowa ba, ba wanda zai gane gidan sai mu. Ya kamata in faɗa miki tun a takardar farko, tsoro ya hana ni.

A harkarmu an ce ɗan wasan yanzu ba ya son labarin da hannunsa ba zai iya canja ƙarshensa ba. Saboda haka akwai hanya ɗaya da yaron zai rayu. Mutum ɗari biyu da sha biyu suka zauna a kujerarmu cikin kwana uku, na ƙirga da kaina. Tara ne kawai suka bi hanyar. Sauran sun tashi jikinsu a sanyaye, wani ƙato mai gemu ya daɗe a zaune ya rufe fuska. Akwai sanyin rai a lissafin nan, Gwaggo. Yawancin mutane ba za su yi abin da ya fi wanda aka yi ba.

Naki,
Baƙo

26 ga Afrilu

Baƙo,

Na sami takardarka. Ina lafiya.

Labarin sulken kwali da sauransu na karanta, Allah ya kyauta. Ba shi ya sa na zauna gaban tafireta ba.

Ashe akwai hanya. Shekara goma sha huɗu kowa na ce min kwana ne ya ƙare, likita ya faɗa, ubanka ya faɗa, ni ma ina faɗa wa kaina sau biyar a rana. Yau ga ɗan da na ciyar da hannuna ya ce akwai hanya, har mutum tara sun bi ta a bakin ƙofar banɗaki.

Ka ce yawancin mutane ba za su yi abin da ya fi wanda aka yi ba. Na buga hukunci ya fi dubu, na san yadda ake rubuta jimla a ɓoye mai laifi a cikinta. Wa ya yi wanda aka yi ɗin? Ni ce, ko ba haka ba? Ba sai ka lallashe ni da lissafi ba.

Bari in faɗa da kaina tunda ka ji nauyi. Kullum ƙarfe ɗaya nake dawowa gida cin abinci. Ranar ban dawo ba, alƙali yana tsaye a kaina yana karanto min hukunci ina bugawa. Wayar ofis ta yi ƙara a gefen gwiwar hannuna. Na kalle ta na ci gaba da bugu. Ta katse, ta sake yi, na sake ƙyale ta, don kada a ce mai buga takardu ba ta da ladabi. Sai a karo na uku masinja ya ɗauka ya miƙo min, na ji muryarka. Na san inda sabon abin shaƙarsa yake, na san maƙwabcin da ke da mota, na san lambar likitansa a ka. Da na ɗauka a bugun farko da na faɗa maka duk wannan. Tun ranar ba na iya jin ƙarar waya, shi ya sa take durowa, ba tsufa ba ne.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma kai ka sani, kai ka buga. To ina so in ji daga gare ka. A wasan naka, matar tana ɗaukar wayar ne? Hanyar ke nan? Ka rubuto min ita dalla-dalla, kada ka sa mata sukari.

Gwaggonka

3 ga Yuni

Baƙo,

Da fatan kana lafiya. Na tambayi ubanka ya ce ƙalau kake, har kun yi magana ran Juma'a, saboda haka ba ciwo ne ya riƙe hannunka ba.

Sati biyar ke nan. Kullum sai na sauka hawa huɗu da wannan ƙafa in buɗe akwatin wasiƙu, in tarar da takardar wutar lantarki da tallan masu sayar da katifa, in hawo. Mai shagon ƙasa har ya fara ce min ko saurayi na yi.

Shiru ma amsa ce, na ji ta. Ba na jin haushinka, gaskiya ka gani ka kasa faɗa wa tsohuwa. Abin da ke ci min rai shi ne mutum ɗari biyu da ban san su ba sun zauna sun kalli matar da ta bar waya tana ƙara. Ina fita sayen sabulu sai in ga kamar kowa ya san ni. Barci ya ƙaurace min, abinci ma sai dai in tura.

Abu ɗaya nake roƙo, ba umarni ba ne. In ka zana ni a ciki, kada ka sa min fuska.

Gwaggonka

9 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in har kina karɓar gaisuwata. Takardunki biyu suna gabana. Na fara amsa ta farko sau bakwai ina yagawa. Da ta biyu ta zo na gane shirun nawa ya fi maganar cutar da ke.

Ba kya cikin wasan, Gwaggo. Babu ofis, babu waya. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa kin ɗora wa kanki ba, ko kuma in ce ban bar kaina na yi tunanin ba. Wanda ɗan wasa ke zama a cikinsa ni ne.

Na ce muku na fito daga banɗaki na same shi a ƙasa. Ƙarya na yi. Na yi wa likita, na yi wa Baba, na yi miki, na kuma maimaita ta har ta zauna.

Muna wasan tseren mota ne a falo, zagaye uku. Shekara biyu ban taɓa cin Kyaftin ba ko sau ɗaya, ranar kuwa ina gabansa tun zagayen farko, da rimot mai salatif. A zagaye na biyu ya fara tari. Ya ce, "Tsaya, ƙirjina." Na ce masa, "Ƙarya kake, don ka ga ana cin ka ne." Har dariya na yi. Ya ajiye rimot ɗinsa ya tashi yana dafa bango. A bakin lungu ya juyo ya ƙara faɗin wata magana. Tana cikin wasan, mun sa wani ya karanta ta, amma hannuna ya ƙi rubuta miki ita. Ban juya ba. Na gama zagaye na uku. Na ci. Wasan ya ce in rubuta sunana a jerin gwanaye, na zauna na zaɓi haruffan ɗaya bayan ɗaya, na jira ya dawo ya gani. Da na gaji da jira na kira shi sau biyu, sannan na tashi. Yana kwance a lungu, bai kai ɗakin ba. Na sha auna lokacin da wasan a hannuna, minti bakwai ne ko ɗan fiye.

A wasanmu haka abin yake. Ana ba ka rimot, ga tsere a talabijin ɗin falo, ga yaro a gefenka yana tari. Babu rubutun da ke ce maka ka tsaya. Hanyar ita ce ka saki rimot ɗin gaske da ke hannunka, ka ajiye shi a kan teburi. In ka yi haka sai na cikin wasan ya tashi, ya riga yaron zuwa durowa, ya ɗaga ya ja, ya ɗauko masa abin shaƙarsa. Ba wata dabara, iyakarta ke nan.

Kwana uku na yi a tsaye a bayan kujera ina kallon hannuwan mutane, ba allon ba. Duk wanda ya ci gaba da tsere sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, in ƙara layi ɗaya a littafina. Gwanayen wasa su suka fi kasawa, idonsu na kan mota. Cikin taran nan akwai wata mata da ta rako 'ya'yanta, ba ta ma iya riƙe rimot ba. Tarin farko ta ajiye ta ce, "Yaron nan ba shi da lafiya." Sai da na fita waje na sha iska.

Sanyin ran da na rubuta miki nawa ne, ba naki ba. Na tara mutum ɗari biyu da uku ne su tsaya min shaida, na kuma yi amfani da labulenki da agogonki ban faɗa miki dalili ba. Maganar ɗan wasan yanzu da abin da yake so gaskiya ce, amma ba ita ta sa na gina hanyar ba.

Na taɓa tambayar wani likita ko minti bakwai za su canja wani abu. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, Allah ne masani. Ban rubuto wannan don in wanke kaina ba, sai don kin ce kada in sa sukari.

Wani kamfani ya nemi ya fitar da wasan ga duniya. Ban ba su amsa ba, abokan aikina suna ganin na haukace. Abin da kika ce shi za a yi. Ban cancanci in ce ki yafe min ba, amma ina roƙo.

Baƙo

21 ga Satumba

Baƙo,

Assalamu alaikum. Ina nan da rai. Ƙafa jiya-i-yau, kunnen dama kuma ya fara nauyi, likita ya ce shekaru ne. Wata uku ban amsa ba, kuma ba mantuwa ba ce, da gangan ne. Da na amsa a satin farko da na rubuta abin da uwa ba ta faɗa wa ɗa, ko da na aro ne.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, mai shagon ƙasa ne ya kawo min kujera. Da na hawo na zauna a inda kuke zama, na tashi na taka zuwa durowa ina ƙirgawa. Taku goma sha ɗaya ne, da ƙafata mai ciwo. Na yi ta yi har maƙwabciyar ƙasa ta turo a tambaya ko lafiya.

Ga abin da na yanke, kuma ka san na daɗe a kusa da masu yanke hukunci. Yaron nan mai shekara sha shida da aka ba rimot mai salatif, ba ni da shari'a da shi. Na san Kyaftin, ɗana ne, na san ya iya ƙaryar ciwon ciki ranar jarrabawa, na san yadda yake maka dariya in ya ci ka. Da ni ce a gefensa da na gane tarin, amma ni uwa ce, kai kuwa yaro ne da ke cin wasa karo na farko. Wannan na bar wa Allah, shi ya san adadin numfashin kowa.

Wanda nake da magana da shi magidanci ne mai shekara talatin. Ka ce ba ka bar kanka ka yi tunanin na ɗora wa kaina ba. Kai ka buga wayar nan, kai ka ji tana ƙara ba a ɗauka. Ka zo gidan nan sau nawa bayan haka, ka ci abincina, ka ga wayata a durowa, ka sunkuyar da kai ka tafi? Haba, Baƙo. Kaya ne na mutum biyu ka bar min ni kaɗai shekara goma sha huɗu. Da ka faɗa min, da na yi fushi na shekara ɗaya, ko biyu, sannan mu riƙe shi tare. Kada kuma ka zaci yanzu ka sauke min nawa. Wayar dai ta yi ƙara, ni kuma ban ɗauka ba. Ni da kai duka ba ma cikin taran nan.

Lissafinka na ɗari biyu da uku ka yaga shi, ba ya aiki a wurina. Ko duniya ce gaba ɗaya ta kasa ajiye rimot, ba su ne suka kwana ɗaki ɗaya da shi ba, kuma ba su nake jiran wasiƙarsu ba.

Maganar kamfani, ban ce ka ƙona wasan ba, ban ce ka ba su ba. Wataƙila wani ya yi shi ya koyi juyowa idan na gefensa ya yi tari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma su jira. Akwai wadda ta riga su a layi.

Ka ce a bakin lungu ya juyo ya faɗi wata magana. Baƙo, maganar ɗana ta ƙarshe ke nan a duniya. Mutum ɗari biyu da sha biyu sun ji ta a cikin hayaniyar kasuwa, da ƙato mai gemu, da matar da ta rako 'ya'yanta, ni da na haife shi ban ji ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, ya fi ƙaryar ma.

Kada ka rubuto ta a takarda, kada kuma ka kawo min na'ura wani ya karanta min da muryar aro. Ka zo da kanka. Yafiya ban ce na yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba, an yi ta isa haka a gidan nan. Ka zo dai. Ka zauna ta hagu, shi ne kunnen da ke ji, ka faɗa min yadda ya faɗa. In ban ji da kyau ba za ka maimaita, ko sau nawa ne.

Gwaggonka